Kalmar "erect" a takardar kwamitinmu: kuskure ce, ko kuwa?

Sakataren Kwamiti, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga malaman Turanci da ke wannan zaure, don abin ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Islamiyyar unguwarmu ba ta da katanga. Awaki na shiga, masu babur na ratsa tsakar fili, yara na sulalewa lokacin da suka ga dama. Sai kwamiti ya ce a rubuta wa 'yan unguwa da ke zaune a waje takardar neman gudummawa, kuma a yi ta da Turanci don wasu za su nuna wa abokan aikinsu da ba sa jin Hausa. Ni na rubuta. Na ce "we intend to erect a fence", can ƙasa kuma na sa "the erection of the fence will cost", na jero kuɗin bulo da siminti da yashi da ladan magina. Kafin in buga sai na tura wa ɗan yayana da ke karatu a Ingila ya duba. Ya kira ni yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, Baffa don Allah a cire kalmar nan ta biyu, a can in an faɗe ta wani wuri hankalin mutane ke tafiya. Na gane inda ya dosa, kunya ta kama mu mu duka biyu. To amma ni tun ina firamare nake ganin kalmar nan a allunan gwamnati da takardun fili. Ashe shekara da shekaru kuskure muke yi?

Malamin Turanci, Jekadafari:
Wa alaikumus salam Sakatare. Ka kwantar da hankalinka, ba ka yi kuskure ba. Duk ƙamus ɗin da ka buɗe zai ba ka ma'ana biyu tun a farko. In siffa ce, tana nufin abu ya tsaya a miƙe sambal, kamar soja a fareti. In aikatau ce, tana nufin a tayar da abu ya tsaya, katanga ko gunki ko turke ko gini. Jimlarka ta farko lafiyarta ƙalau, ko a jarrabawar WAEC aka kawo mini ita ba zan ja mata jan biro ba. Amma ɗanka ma gaskiya ya faɗa. Kalma tana da gidan da take zama. Wannan ta ofis ce da kotu da takardar kwangila. Bature a hirarsa ta yau da kullum "put up a fence" zai ce, ko "build a wall". Ita kuwa ta biyun, mai "ion" a ƙarshe, a bakin mutanen gari ma'anar da ta shafi jikin namiji ta rinjaye ta, shi ya sa yaron ya ji nauyi.

Birkila, Bolari:
Malam, mu a wurin aiki kullum injiniya yana faɗinta, ba wanda ya taɓa yin ko murmushi. In za a tsayar da ginshiƙan ƙarfe na gidan mai ko sito, ita yake kira. In za a haɗa ƙarafan da muke takawa mu hau sama, ita ce. Amma na lura da wani abu, bai taɓa faɗinta a kan jera bulo ba. Jera bulo "lay" yake cewa, zuba kankare "cast". Sai abin da aka kawo a kwance aka ɗaga shi ya tsaya, shi ne yake kira da wannan kalma. Ban yi boko mai nisa ba, amma shekarata ashirin da wani abu ina jin bakinsu.

Malamin Turanci, Jekadafari:
Wallahi Baba Birkila ka fi littafin da nake koyarwa da shi fayyace abin. Haka yake. Asalin kalmar daga Latin take, "erigere", wato a ɗaga abu a miƙar da shi. Tushenta ɗaya da "correct" da "direct", har da "rector" da muke kiran shugaban kwalejin kimiyya da fasaha. Duka maganar miƙarwa ce da ɗora abu a kan hanya. Shi kuwa "build" tsohon Turanci ne na gado, daga kalmar da ke nufin gida. Turanci cike yake da irin waɗannan tagwaye, ɗaya ta cikin gida, ɗaya ta aro. Tun da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci da Latin suka zama na fada da coci da kotu, na gado suka zauna a kasuwa da murhu. Kamar dai yadda mu muke da "mutuwa" da "wafati". Ba za ka ce akuyarka ta yi wafati ba, ko da yake ma'anar ɗaya ce.

Tsohon Akawu, Herwagana:
Ni ban yarda a cire komai ba. Shekara talatin da biyar na yi ina buga takardu tun muna ƙarƙashin jihar Bauchi, kafin a ba mu Gombe a 1996. Duk takardar izinin gini da ta bi ta hannuna da wannan kalma aka rubuta ta. "Permission to erect a building." Turawan da suka koyar da malamanmu su suka kawo ta, ba mu muka ƙirƙira ba. Yau don jikokinsu sun lalata bakinsu, sun mayar da kowace magana batsa, sai mu ma mu bi su? Wanda zuciyarsa ke da datti ko "ruwa" ka ce sai ya fassara. Sakatare, ka bar takardarka yadda take. Mutumin kirki in ya karanta, katanga zai gani.

Ɗaliba, Kashere:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa in sa baki. Ba wai an ce kalmar haram ba ce. Amma takardar nan ta neman taimako ce, kuma za ta shiga hannun mutanen da ba mu sani ba. In mutum ɗaya a ofis ya karanta ya yi dariya ya nuna wa na kusa da shi, maganar yaran Islamiyya ta bi ruwa, an koma maganar kalma. Mai nema ai shi ke lallaɓawa. Me za a rasa in an ce "the fence will cost" kawai? Ta ma fi gajarta.

Tsohon Akawu, Herwagana:
'Yata, abin da za a rasa shi ne nauyin magana. Takardar kwamiti ba saƙon waya ba ce.

Ɗaliba, Kashere:
To Baba, amma nauyin magana a wurin wa? In mai karantawa bai ji nauyin ba, mu kaɗai muka ɗauki kayan.

Ma'aikaciyar Jinya, Bauchi:
Bari in kawo nawa daga ɓangaren asibiti, don mu kullum muna tare da kalmar nan ta fuskoki biyu. In likita ya rubuta a yi wa mutum hoton ƙirji ko na ciki ya sa "erect", nufinsa a ɗauki hoton mutum yana tsaye, ba a kwance ba. Akwai dalili: in hanji ya huje, iska takan taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma a tsaye aka fi ganinta. Na taɓa ganin wani saurayi ya karanta takardar mahaifinsa, ya ga kalmar, fuskarsa ta canza, ya ja ni gefe yana tambaya cikin raɗa wace irin cuta ce ke damun tsohon. Na ce masa tsayuwa kawai ake nufi.

Ɗaya fuskar kuma ita ce ta fi damuna, kuma tunda manya ne a zauren nan zan faɗa da ladabi. Maza da yawa masu ciwon suga ko hawan jini suna samun raunin gaba. Abu ne sananne a likitance, wani lokaci ma shi ne alamar farko cewa jijiyoyin jini sun fara taɓuwa. Amma kunya ba ta barin mutum ya faɗa. Sai ya zo ya ce "jikina ne ba ƙarfi", a ba shi maganin ƙarin jini ya tafi, daga nan ya zarce wurin masu tallan magani a tasha da lasifika, ya sha abin da ba wanda ya san me aka haɗa a ciki. Da Hausa bai iya faɗa ba, da Turanci bai san sunan ba. Don haka ni roƙona ga malamai, in kun zo kan kalmar nan ku faɗa wa ɗalibai duk ma'anoninta. Ɓoyewar ba ta kare kowa.

Liman, Pantami:
Hajiya ta yi magana mai kyau, Allah ya saka. Babu kunya a wurin neman sani. Littattafan fiƙihu da muke karantarwa a zaure sun ambaci abin da ke wajabta wanka da abin da ke warware alwala ɓaro-ɓaro, kuma malamanmu ba su tsallake babin ba don ɗalibi zai sunkuyar da kai. Abin da ake kiyayewa shi ne wuri da lafazi. Sannan ku duba Hausarmu. "Tashi", "miƙewa", "gaba", "kwana", "kusanta", "sani", kowace ɗaya kalma ce ta yau da kullum, kuma kowace ɗaya tana da ma'ana ta biyu da ake sakayawa da ita. Ba mu daina cewa a miƙe a tayar da sallah ba. Amma kuma mai hankali ya san jimlar da ba zai ƙulla ba a gaban surukinsa. Ina ganin Turancin ma haka ne. Akawu yana da gaskiya cewa kalmar ba ta ƙazantu ba, yarinyar nan ma tana da gaskiya cewa a duba gaban wa ake magana.

Malamar Kimiyya, Kumo:
Abin da Anti ma'aikaciyar jinya ta faɗa ya taɓa ni, don ni abin ya faru da ni a aji. Shekarar da na fara koyarwa, ina bayanin madubi ga 'yan aji biyu na babbar sakandare. A darasin haske dole ka ce hoton da madubi shimfiɗaɗɗe ke bayarwa "virtual and erect" ne, wato yana tsaye daidai, kai a sama ƙafa a ƙasa, saɓanin "inverted" da ke kife. Ina faɗa sai na ji ƙus-ƙus daga bayan aji, samari uku suna danne dariya, 'yan mata sun sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kore su waje. Da na koma gida na yi tunani, sai na ga korar ba ta koya musu komai ba, illa ma ta tabbatar musu cewa kalmar abin ɓoyo ce. Yaran nan a waya suka fara cin karo da ita, ta fuska ɗaya tak, ba wanda ya taɓa nuna musu sauran.

Tun daga shekara ta biyu, kafin in shiga darasin nakan rubuta ta a allo da kaina. In ce wannan kalma tana nufin tsaye a miƙe. A darasin tsirrai za ku ji ta a kan karan dawa da masara da ke tsaye, saɓanin kabewa da ke yaɗo. A darasin zane za a ce ku tayar da layi a kan layi, ita za a faɗa. A asibiti kuma tana da ma'anar da ta shafi jikin namiji, likitoci na faɗinta ba tare da wasa ba. Minti biyu ya ishe ni. Wallahi tun daga nan ban sake jin ƙus ba. Abin da aka faɗa a fili a gaban allo ba ya zama abin raɗa.

Mai Shagon Kwamfuta, Tashan Dukku:
Ni matsalar da nake gani ta fi kalma ɗaya. Kullum ana kawo mini takardu in buga, na ƙungiyoyi da na neman aiki da na koke. Mutanenmu sun ɗauka in kalma ba ta da tsawo ba Turanci ba ce. Ba mai "buy", kowa "purchase" yake yi. Ba mai "start", sai "commence". Ba mai "live", sai "reside". Mutum zai kafa rumfar kwano huɗu a ƙofar gida ya rubuta "erection of a structure". In na ce Alhaji a sauƙaƙa, sai ya ce so nake a raina shi. Ga shi kuma garin neman babbar kalma ake faɗawa rami, don babbar kalma ita ce wadda ba ka san duk ɗakunanta ba.

Tsohon Akawu, Herwagana:
Yaro, kana nufin mu da muka yi aiki da waɗannan kalmomi burga muke yi? Haka aka koya mana, haka doka take rubuce. Je ka karanta dokar filaye ta 1978 ka ga ko da Turancin kasuwa aka rubuta ta.

Mai Shagon Kwamfuta, Tashan Dukku:
Allah ya huci zuciyarka Baba, ba da kai nake ba. Doka ai gidansu ne, can suka dace. Ina magana ne a kan wanda zai rubuta wa ƙaninsa wasiƙa da harshen doka.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a yi haƙuri da juna, muhawara ce ta ilimi. Baba Akawu uba ne a nan, kuma abin da ya gani mu ba mu gani ba. A ci gaba.

Malamin Tarihi, Bauchi:
Ina so in tsaya tsakanin Baba da mai shago. Mu a Bauchi muna alfahari da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ga kabarinsa nan cikin gari ana ziyarta. Malamin makaranta ne kafin siyasa, kuma saboda iya magana aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare. Duk wanda ya saurari jawabinsa na ranar 1 ga Oktoba 1960 zai ji Turanci mai nauyi da natsuwa, amma ba ya tara kalmomi don a ce ya iya. Nauyin da Baba ke nema gaskiya ne ana buƙatarsa, sai dai ba daga tsawon kalma yake zuwa ba.

Wani abu kuma, tunda an ce kalmar na nufin tsaye. Akwai "upright", ita ma tsaye ce, amma ta ɗauki ma'anar gaskiya da riƙon amana, abin da "erect" ba ta ɗauka ba a maganar yau. Lokacin da Thomas Sankara ya canza wa ƙasarsa suna a 1984 ta koma Burkina Faso, da "upright" ake fassara sunan a Turanci, ƙasar mutane masu mutunci. Mu ma muna cewa wane tsayayye ne, ko a ce miƙaƙƙen mutum. Larabci ya ce istiƙama. Abin sha'awa ne yadda harsuna da ba su haɗa kaka ba suka ɗaura gaskiya a jikin tsayuwa. Don haka ɗalibai ku kiyaye, in za ku yabi shugaban makarantarku a rubuce, "an upright man" ake cewa. Kada wani ya buɗe ƙamus ya ga ma'anarsu ɗaya ya musanya. Na taɓa ganin an yi hakan a takardar bankwana, sai da aka sake bugawa.

Ɗaliba, Kashere:
Malam, wannan gargaɗin ya fi komai amfani gare ni yau. Mu ma a aji mun haɗu da ita a sunan "Homo erectus", wani nau'in mutum na zamanin da can, wanda masani Eugène Dubois ya tono ƙasusuwansa a tsibirin Java a 1891. Malaminmu ya ce sunan daga tafiya a miƙe kan ƙafa biyu ya samo asali. A nan ma ba wanda ya yi dariya, don an yi mana bayani tun farko.

Bafulatanin Dukku:
Ko a Fulfulde mun raba su. "Mahugo" ginawa ne, "darnugo" tsayar da abu. Kuma ni ina ganin Hausa ta ma fi Turancin yalwa a nan, mu ne ba mu lura ba. Ana gina ɗaki, a tayar da katanga, a kafa rumfa, a kafa turke, a tsayar da ginshiƙi, a yi danni, a ja shinge, a dasa harsashi. Ba mai cewa ya gina tuta ko ya kafa rijiya. Yaro ɗan shekara bakwai ya san wannan ba tare da ƙamus ba. In malami zai koyar da "erect", ya ce wa yara ita ce "kafa" ko "tsayar", ba "gina" ba, rabin aikin ya ƙare. Kanofin biki ana kafa shi, turken wuta ana kafa shi, allon talla ana kafa shi, duk nan ta shiga. Amma gidan da za ka zauna da iyalinka, gina shi ake yi.

Birkila, Bolari:
To Sakatare, ni tambayata ta aiki ce. Katangar taku ta bulo ce ko ta waya? Don in "fence" ka rubuta, na waje zai iya ɗauka waya ce ko katako, ya ga kuɗin siminti ya yi yawa. Kuma ƙasar Tumfure wani wurin tana da yashi, ruwa na cin ta. Kada ku yi rowar rodi a harsashi, ku sa ginshiƙi duk bayan taku kaɗan, ku bar wa ruwa hanyar fita. Na ga katangar da aka tayar da rani, damina ɗaya ta kwantar da ita.

Malamin Turanci, Jekadafari:
Baba Birkila ya sake kama wani abin da ni ban gani ba. A Turancinmu na Najeriya kowace katanga "fence" ce, amma a Ingila "fence" ta katako ce ko waya, ta bulo "wall" ce. Sakatare, ga shawarata: "we want to build a block wall around the school", sannan "the wall will cost". In kuma za ku rubuta wa hukuma neman izini, can ka mayar da kalmarka ta farko, gidanta ne, kuma Baba Akawu zai fi ni iya tsara maka ita.

Tsohon Akawu, Herwagana:
In ta hukuma ce ya kawo mini gida bayan la'asar, zan duba masa. Ta 'yan waje kuwa ku yi yadda kuka gani, amma ni har yanzu ban ga laifin ta farkon ba.

Sakataren Kwamiti, Tumfure:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na gyara ta 'yan waje kamar yadda Malam ya ce, na tura wa yaron, ya ce yanzu ta yi. Ta hukuma zan kawo wa Baba ranar Asabar in Allah ya kai mu. Baba Birkila, ta bulo ce, mai inci tara muke so a ƙasa. In kana da hali ka zo ka ga filin kafin mu tsayar da lissafi, don ta gefen gabas akwai inda ruwa ke kwanciya, kuma mun so a fara haƙa kafin watan Mayu.

Birkila, Bolari:
Zan shigo Juma'a bayan an sauko. A tanadar mini igiya da mutum biyu masu riƙe tef.